Jan zakaran Gwaggo

Shekarun baya, lokacin da na dawo Gaya da 'yar takardata ta koyon zane a ordinatar, wato kwamfuta, ba wanda ya kai ni jin kai a unguwarmu. Kullum sai na zana wani abu na ɗora a shafina na intanet: afish, wato takardar talla, ta bikin da ba a yi ba, tambarin kamfanin da babu shi a duniya. Sai in koma gefe ina leƙa salula, ina duba mutum nawa suka danna mini babban yatsa. Ranar da suka yi yawa, har tafiyata canzawa take yi.

Kawuna ne ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya saya mini ordinatar ɗin ma. Yana da motocin ɗaukar kaya, kuma ya daɗe yana son in zauna masa a tasha in riƙa kula da lodi. Wata rana na kai masa salula da rawar jiki, na nuna masa yadda jama'a ke yaba aikina. Ya gyara tabarau, ya duba da kyau, ya miƙo mini.

"Duk mutanen ga, wane ne ya taɓa zuwa ƙofar gida ya yi maka sallama?"

Na ce ai a hankali ake yi, Kawu.

"To, na ba ka zuwa Babbar Sallah. In abin ga bai zama sana'a ba, ka naɗe shi ka same ni tasha."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don ina son zanen nan kamar raina. Sai na ƙara ƙaimi wajen talla, amma duk a wuri ɗaya nake zuba ƙarfina. Abokan lekol, waɗanda muka yi makaranta tare, suna ta rubuta mini "Masha Allah", wasu daga Yamai, wasu ma daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Masu kawo aiki kuwa shiru, sai wani abokina da na yi wa katin suna, ya biya ni da addu'a.

Ana cikin haka wata ƙawar mahaifiyata ta zo gidanmu. Gwaggo muke ce mata. Bandar kifi take sarowa daga Tunuga, ta ɗaure cikin kwalaye ta ba direbobi su kai mata kasuwanni. Damuwarta ita ce kwalayen 'yan kifi duk kamarsu ɗaya. Ana rubuta suna da alli ko tawada, mai ya goge shi, ga shi kuma rabin masu kayan Hajiya ne sunansu. Sau da yawa kayanta sukan sauka hannun wata, a yi ta rigima.

"Ɗana, an ce kana zane cikin na'ura. Yi mini alama da zan manna ga kayana. Zakara nika so, ja."

Na ce, "Gwaggo, kifi fa kike sayarwa. Me ya haɗa kifi da zakara?"

"In ka zana kifi, na wa ke nan? Duk mu kifi muke saidawa. Kai dai yi mini zakarana."

Na yi, amma raina bai so ba. Ni da nake mafarkin manyan kamfanoni, an mai da ni mai zanen kaji. Duk da haka hannu ya saba, ban iya yin aikin banza ba. Na fitar da shi ja wur, ƙirji a gaba, wutsiya a tashe, yadda ko daga nesa ba za a ɗauke shi da wani abu ba. Na kai aka buga a takarda mai manne wadda mai ba ya ci. Ban sa sunana a jiki ba, ban kuma ɗora shi a shafina ba, kada abokan Yamai su yi mini dariya.

Sallah ta zo ta wuce. Nama bai gama ƙarewa a gidaje ba Kawu ya aiko in same shi tasha. Na rufe ordinatar na sa a ƙarƙashin gado, na tafi. Ya ba ni benci kusa da shi ya ce in zauna in fara kallon yadda ake lodi.

Ina zaune sai na ji wani ɗan dako a saman mota yana ƙwala kira: "Na Mai Zakara, ku miƙo na Mai Zakara!" Na ɗaga kai, sai ga kwalaye suna tafiya hannu zuwa hannu, kowanne da jan zakarana a gefe. Ba mai tambaya, ba mai juya kwali yana neman suna. A ɗaya gefen kuwa wasu mata biyu sun riƙe kwali ɗaya, kowacce na rantsuwa nata ne, direban Kawu ya rasa yadda zai yi da su. Da ya gaji ya ce, "Ku tahi ku yi irin na Mai Zakara mana, ku hutar da mu!"

Ɗayar ta ce, "Ai mun biɗa, ba mu san mai yi ba. An ce daga Kwatano ta yo shi."

Daga Kwatano! Ni ina nan zaune a kan benci, taku kaɗan tsakaninmu.

Can sai ga Gwaggo ta iso. Kawu ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, abin ga naki ya rage mini ciwon kai. Wa ya yi miki shi?"

Ta dube shi da mamaki. "Alhaji, ba'a kake yi? Ɗanka ne fa, ga shi nan kusa gare ka."

Kawu ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na sunkuyar da kai, kunya da daɗi sun haɗe mini.

"Wanga me ya sa ba ka gwada mini shi ba?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba:

"Tashi ka ba ni bencina. Matan can na jiran ka. In ka ƙare da su ka zo ka yi wa motocina, amma ni ba kaza ba."

Ranar na koma gida da aikin alamu uku: rago, tulu da laima. Ordinatar ba ta kwana ƙarƙashin gado ba.

Har yau ina ɗora aikina a shafi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗi in an yaba. Sai dai na daina auna kaina da wannan. In na gama aiki, nakan bari ya kwana biyu a waje, in je inda ake amfani da shi in saurara. In na ji mutane suna kiran abin da bakinsu ba tare da sun san ni ba, na san ya zauna. In ba wanda ya lura da shi, ko duniya ta tafa mini a salula, da saura.

Gwaggo ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Da aka kawo labari tasha aka faɗi sunanta na yanka, mutane suka yi ta kallon juna, ba su gane wa ake nufi ba. Sai wani ya ce, "Mai Zakara fa." Nan take 'yan dako suka sauke kayan da ke kansu, aka bar mota rabin lodi, aka tafi jana'iza.