Mai Jiran Motar Majigi

A karar Wudil, kasuwar shanu, yau Juma'a, wani dattijon Bafulatani ya ɗaure bijimi a gindin tsamiya, ko kallon masu tayi ba ya yi. Dogo ne siriri, malfarsa ta sha rana har ta koɗe. Yana goge ƙahon bijimin da man shanu a hankali, yana cije leɓe.

Duk wanda ya wuce sai ya nuna shi da baki. Mai fura ta ce mini sunansa Giɗaɗo, shi aka nuna a majigi makon jiya, a fim ɗin allurar shanu. Masu ɗaukar hoto sun same shi tsakiyar rani, lokacin da saniyar kowa ta rame, suka roƙe shi ya tsaya kusa da bijimin. Da aka haska, mai bayani ya ce ga wawan da ya ƙi allura. Mahauta har yau cewa suke ba su taɓa shan dariya irin ta ranar ba.

Ina zaton mutumin nan bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Amma an ce surukansa na Lajawa suna cikin 'yan kallo.

Wani mahauci ya matso yana murmushi. "Baffa, nawa ɗan majigin?"

"Ba na sayarwa ba ne." Ya shafa tozon da ya cika ya batse. "Yau motarsu za ta dawo, kuma a nan suke kafa farin ƙyallen. Sun nuna shi a rame. Zan kwance shi su gan shi a ƙoshe."