Rigar da Ta Ba Kawu Iro Baya

Duk wanda ya san Kawu Iro a cikinku ya san ba ya shiga waje sai da sallama. To har gidajen zane-zanen Turawa bai ƙyale ba. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya buɗe murya: "Assalamu alaikum, masu gida!" Masu gadi su zabura, baƙi su waiwayo, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kawu, nan fa ba a ɗaga murya."

"Gidan makoki ne? Ko gidan makoki ai ana sallama, Dije."

Ni ce direbarsa tun da ciwon suga ya fara taɓa masa ido ya ajiye tasi. Ya shekara ashirin da wani abu yana sauke fasinja a ƙofar gidajen nan na Washington bai taɓa leƙawa ba. Da ya zauna a gida sai ya ce lallai sai ya ga abin da ake ta rububi a kai. Asabar ce kaɗai ranar hutuna daga asibiti, amma ina! Ƙarfe tara zai bugo daga Alexandria ya ce, "Na shirya," ya kashe waya.

Kuma ba kallo yake zuwa yi ba, faɗa yake zuwa yi. Ran nan muka tsaya gaban wani ƙaton allo fari fat, da jan layi ɗaya a tsakiya. Kawu ya duba, ya sake dubawa, ya yafuto mai gadi.

"Mai aikin ya fita cin abinci ne?"

"A'a, Yallaɓai, ai an gama. Haka yake."

"An gama? Innalillahi! Kuma ya sa sunansa a jiki? Dije, zo ki ga ƙarfin hali. Da a zauren Baba ne, wannan ko zare ba za a ba shi ya riƙe ba."

Baban da yake nufi shi ne kakana, Malam Tanimu, mai ɗinkin hannu a Zariya. Sai ya yi wata shida a kan babbar riga ɗaya. Duk rigunan da ya ɗinka an sayar, ko guda ba ta rage a gidanmu ba. Hotonsa ma babu. Abin da Kawu yake yawan faɗa shi ne, yana yaro wani Bature ya zo ya sayi guda ya tafi da ita ƙasarsu.

Rigimar gaske a Baltimore ta tashi. Mun je wani gidan tarihi can kusa da bakin ruwa, muka shiga ɗakin kayan Afirka, sai na ga Kawu ya tsaya cak. Babbar riga ce ta saƙi, baƙa, an baza ta a jikin bango, an kewaye da igiya. A ƙasa an rubuta wai daga arewacin Najeriya, ba a san wanda ya yi ba.

"Dije, me kika gani?"

"Riga, Kawu. Ta yi kyau."

"Ta yi kyau! Ƙeyarta kike kallo, sakarai! Sun juya ta. Aljihu da wuya da asaken adon gaba, duk wahalar bawan Allah, suna kallon bango. Riga ta ba baƙi baya! Wane irin gida ne wannan?"

Ya ƙura wa ɗan ɗinkin da ke bayan ido, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Wannan zagayen ya yi kama da hannun Baba. In na ga gaban, zan gane. Baba yana da yadda yake ƙare bakin aska, ba wanda ya iya."

Kafin in ce wani abu ya tsallake igiya ya zura kai tsakanin riga da bango. Ƙararrawa ta ɗauka, wiii! Masu gadi biyu suka rugo, ɗaya yana ta magana a oba-oba. Kawu ko gezau. Da suka fito da shi sai ya ce musu, "Yauwa, gara da kuka zo. Ku kama can, in kama nan, mu juya ta."

Rako mu aka yi har mota.

Kuna tsammani ya haƙura? Asabar ta gaba ya ɗaure madubin askinsa a bakin sandarsa da kyauron roba, wai zai leƙa daga nesa. Aka karɓe a ƙofa. Ya cika littafin baƙi da jawabi, rabi Turanci rabi Hausa, shafi uku, har da zanen yadda ake rataya riga. Ya tare wata malama da ke zagayawa da ɗalibai ya ƙwace mata darasi. Masu gadin suka saba da shi, da sun hango mu sai su ce, "Ga mai riga nan." Wani ma har ya koyi amsa sallama.

Ku kuma, kada ku yi shiru kamar ba ku ba. A wajen sunan ɗan Alhaji Bala a Upper Marlboro, wa ya ce Kawu ya samu budurwa a Baltimore amma ta ƙi waiwayowa? Aka kwashe da dariya, har da ni. Ba wanda ya ce bari in taya shi rubuta takarda, ga likitoci ga farfesoshi cike da falo. Ni ma sai da ya yi wata huɗu yana bi na kafin na zauna na rubuta. Su kuma masu gidan tarihin, Allah ya isa! Wannan ya ce mai kula da sashen ta tafi hutu, wancan ya ce sai kwamiti ya zauna. Kwamiti a kan juya riga! Wallahi da hannu ɗaya nake juya majinyaci mai nauyin buhu biyu. Ana ta jan ƙafa, idon Kawu kuwa yana ta ja baya. Kusan shekara biyu kafin amsa ta zo, cewa mu je mu ga gaban rigar.

Ranar da suka ba mu, Kawu ya sha farar shadda, ya fesa turare kamar ango. Aka kai mu wani ɗaki a ciki, ga riga a shimfiɗe bisa tebur, gabanta a sama. Wata matashiya mai ladabi ta miƙo masa safar hannu ta roba. Ya ce, "Da roba zan gaisa da ita?" Ta ce doka ce. Ya harɗe hannuwansa a baya, ya sunkuya, ya bi rigar daga wuya har aljihu, hancinsa kamar zai taɓa. Ni ina gefe ina ta ba yarinyar haƙuri a kan ƙararrawa da madubi da littafin baƙi.

Can ya miƙe ya yi tsaki.

"Aikin ɗan koyo ne. Ku mayar da ita yadda kuka ajiye ta, ashe kunya take ji."

Yarinyar ta saki baki. Ni kuwa raina ya ɓaci. Muna shiga mota na fara: shekara biyu, Kawu, Asabar ɗina duka, mutuncina a gaban mutane, a kan aikin ɗan koyo! Ya bar ni na yi ta yi har muka hau babban titi. Sannan ya ce, a hankali:

"Dije, bakin asaken nan, a lanƙwashe suke ko a miƙe?"

Na ce, "Kai da ka duba?"

"Ban ga komai ba, 'yar nan. Baƙi kawai na gani. Ban so yarinyar ta gane ba. Na ɗauka ke kin duba."

Ban duba ba. Ina can ina neman masa gafarar da bai aike ni ba. Na ce mu koma yanzu. Ya ce a'a, an riga an naɗe, kuma ko na gani ba zan san abin da nake gani ba. Ya juya fuska wajen taga. Tun daga ranar bai sake bugo mini ranar Asabar ba.

Har yau haushi nake ji, kuma na fi jin haushin kaina. Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya buɗe masa ido a can, ya haɗa shi da mahaifinsa fuska da fuska. Mu kuma Allah ya yafe mana jinkirin da muka yi masa. Amin.