Tafintan Da Ya Ƙi Faɗin Suna

"Ba fassara na tambaye ka ba, Jafaru. Suna nake so."

"Ranka ya daɗe, sunan ba nawa ba ne, balle in bayar."

"Gwamnati ke ciyar da kai, ko ɓarayin shanu?"

"Gwamnati ce. Amma nononsu na sha."

Sufeton 'yan sandan ya daki tebur har hularsa ta faɗi. Waɗanda ke jiran shari'a a baranda duk sun ji, kuma daga bakinsu labarin ya iso mana.

Malam Jafaru Ɗanmalam tafintan kotu ne a nan Garwa. A wancan lokacin, da hantsi za ka gan shi bisa baƙin kekensa, ya ɗaure ƙafar wando da zare, yana amsa gaisuwa da Hausa ta dama, da Fulatanci ta hagu. Ya isa, ya jingine keken, ya tsaya tsakanin alƙali mai Faransanci da talakan da ba ya jin ko kalma ɗaya. Aikinsa ke nan.

Shekarar da aka haɗe ƙasar nan ta zama ɗaya, wani malamin jami'a, Mushe Louis, wato Malam Louis da Faransanci, ya zo daga Yawunde. Bincike yake kan satar shanu a bakin iyaka, da abin da ke samun mutum daga ranar kamu zuwa ranar hukunci. Ya zaga gari, ba wanda ya buɗe masa baki. Aka haɗa shi da Jafaru.

Jafaru ya kai shi rugagen Mayo-Oulo, wurin waɗanda suka fito daga kurkuku. Sharaɗinsa ɗaya: kafin tambaya, sai an kawo ƙwaryar nono, mai gida ya sha, Jafaru ya sha, baƙo ya sha. Louis ya leƙa ƙwaryar, ya ga ƙuda.

"Dole ne?"

"Mushe, in ba ka sha ba, labarin damina za su ba ka har magariba."

Ya rufe ido ya sha. Mutane suka yi magana. Suka faɗi yadda ake kama makiyayi don kawai an ga sawun shanu kusa da rugarsa, da yadda wani ke shekara a tsare ba a kira shi gaban alƙali ba. Ɗaya ya ɗaga riga ya nuna tabon duka a bayansa.

Da binciken ya fito, babu sunan kowa a ciki. Mai bayan nan sufeton yake nema, kuma Jafaru kaɗai ya san rugarsa. Aka ce ya zaɓa, suna ko kujerarsa. Mako bai zagayo ba aka tura shi aiki garin Banyo. Matarsa Hansai ta ɗaure kaya tana faɗa.

"Malam, mutumin nan ko ƙaninka ne?"

"Ba ƙanina ba ne. Ɗauko tabarmar."

Can ya ƙare aikinsa, cikin sanyi da laka. 'Ya'yansa suka girma nesa da kogin Binuwai. Louis ya zama babba a Yawunde. Makiyayin kuwa yana nan da ransa, ya aurar da 'ya'ya, bai ma san an taɓa nemansa ba.

Kai ne bakin wanda ba shi da Faransanci, Malam. Kai ne ka sha nono ka riƙe amana. Mu da muka bar makarantar liise muna yawo da takarda a aljihu, mun iya harshen alƙali, amma ban san ko ɗayanmu zai iya abin da ka yi ba. Mun gode. Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Duk wanda aka ba magana a asirce, ya dubi wannan dattijo.

Bana ya yi ritaya ya dawo gida. Keken yana zaure, tayoyinsa sun sace. Kunnen Malam ya yi nauyi, sai an ɗaga murya.

Makon jiya wata ɗaliba, Georgette, ta zo daga Yawunde za ta ci gaba da binciken. Ta je rugagen da kanta. Suka karɓe ta da kyau, suka ce ba za su yi magana ba sai Jafaru na zaune. Ta dawo zaurensa ta durƙusa, ta faɗa, ta sake faɗa da ƙarfi. Ya daɗe yana kallon bakinta. Sannan ya juyo gare mu, samarin da ke zaune a ƙofa.

"Ni kam ba na ji yanzu. A cikinku wa zai raka ta?"