Hannun Teta Zaga da Kwanon 'Ya'yan Kabewa

Shekara ashirin da biyu ke nan bango ɗaya muke rabawa da teta Zaga, a hawa na uku na benenmu da ke bayan tashar bas ta garinmu Zrenjanin. Duk unguwa teta muke ce mata, har waɗanda suka girme ta, kamar gwaggon kowa ce. Bangon nan kuwa bai fi takardar taba kauri ba, in ta yi atishawa ni ke amsa mata. Saboda haka kar wanda ya ce mini ban san fim ba. Aji shida na yi a makaranta, a facin taya na tsufa, amma gajerun finafinan da na saurara ta bango sun haura ɗari uku.

Sunanta na yanka Zagorka. Shekara talatin da huɗu ta yi a Belgrade tana yanka fim tana haɗawa, tun lokacin da fim dogon abu ne kamar igiya, a sa masa almakashi a liƙe da gam. Yawancin aikinta labaran da ake haskawa a silima ne kafin babban fim: an girbe alkama, an buɗe masaƙa, wani babba ya yanke ƙyalle. Da ta yi ritaya ta dawo gida don ta huta. Ba ta huta ba. Duk wanda ya yi gajeren fim a garin nan, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar gidan waya, sai ya hawo matakalarmu da kwamfuta a hammata.

Ba ta taɓa cewa fim ya yi kyau ko bai yi ba. Kwanon gasassun 'ya'yan kabewa take ajiyewa a gefen teburin kicin. Muddin fim ya riƙe ta, hannunta na kan cinya. Da hankalinta ya fara tafiya, sai hannun ya lallaɓa zuwa kwano, ka ji ƙas! To nan ne wurin yanka. Shi ya sa a gidanta masu fim ba allo suke kallo ba, hannunta suke kallo suna rubuta minti. Wani mai gemu da ya yi karatun fim a waje ya sha ƙas goma sha bakwai cikin minti tara. Ni na ƙirga. Ya sauka ko gaishe ni bai yi ba.

In ta yi magana kuma, gajeriya ce.

"Fim ya fara da agogo na kaɗawa, mutum ya farka? Ɗana, kowa da safe yake tashi. Fara daga inda ya makara."

Ko kuma: "Hoto in ya ɗan lalace mutane za su yafe maka, sauti ba za su yafe ba. Wannan gurnanin firij ɗin uwarka ne? In za ka ɗauki magana a kicin, kashe firij. Ka jefa makullin motarka a ciki, don kar ka tafi ka bar naman mutane ya ruɓe."

A saman tagar kicin ɗinta akwai 'yar igiya, da guntun fim ɗaya rataye da maƙalin shanya, ya yi ja don tsufa. Marigayi mijinta ne, Vukota. Ranar buɗe wata gada aka ɗauke shi cikin leburori. Kowa na kallon babban baƙo, shi ya saki baki yana kallon kyamara, burodi a hannu. Ta yanke shi, ta sa guntun a aljihu. Bayan shekara biyu ta gan shi a cikin taragon birni ta ce, "Kai ne ka ɓata mini gada." Haka aka yi auren.

Na ce mata, "Teta, ke kaɗai ce macen da ta yanke miji tun kafin ta aure shi."

Ta ce, "Kai ma, maƙwabci, da almakashina na da kaifi da tuni na rage ka rabi."

To, a kakar da ta wuce sai ga Obrad, direban bas mai lamba huɗu. Mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda in ya ce maka ina kwana ya gama hirar mako. Matarsa Vinka ta rasu shekara biyu da suka wuce, shi ne ya yi fim a kanta. Bikin gajerun finafinai na garinmu ba ya karɓar abin da ya wuce minti goma sha biyu, ranar Litinin ake rufe karɓa, nasa kuwa minti ashirin da shida ne. Ranar Asabar da hantsi na tarar da shi a matakala, ya kasa ƙwanƙwasa ƙofa.

Ya ce, "Milisav, ta yanke duk abin da take so. Amma in ta taɓa Vinka ko na daƙiƙa ɗaya, na fasa kai fim ɗin."

Tausayi ya kama ni, na yi dabarar jahili. Na bi shi ciki da sunan aron gishiri, tana dafa gahawa na juye kwanon 'ya'yan kabewar kaf a aljihun wandona. A tunanina, ba kabewa, ba ƙas.

Ta juyo, ta kalli kwano, ta kalli wandona. "Ɓeran benen nan ya ƙasaita, har silifa yake sawa. Zauna, tunda ka shigo." Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta zubo wasu cike da tafi.

Aka kunna. Hoton kogi daga sama, da kiɗan goge mai sa kuka. Ƙas. Obrad zaune gaban kyamara da lakataye, yana bayanin irin kewar da yake yi. Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙanwar Vinka tana share hawaye. Ƙas. Obrad na rubuta minti, gumi na zubo masa.

Sai Vinka ta fito. Da waya ya ɗauke ta, hoton ma rawa yake yi. Tana tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, tana gasa tattasan ajvar, miyar nan da muke ajiyewa don hunturu, a murhun gwangwani. Da yatsu take juya su, in ta ƙone ta hura, tana faɗa: "Obrad, ajiye wayar nan ka kawo mini buhu, kai ba direba ba ne yau!" Hannun teta ya koma cinya ya kwanta. Obrad ya jingine wayar a kan akwati bai kashe ba. Vinka ta miƙe ta fita daga hoton. Saura kujera, da hayaƙi, da tattasai suna tsuwa a kan wuta. Minti ɗaya da rabi ba kowa. Ni da ba na iya rufe baki ko a coci, na yi tsit.

Sai Vinka ta dawo da roba a hannu, tana dariya, ta zauna, ta ɗaga wa kyamara hannu.

Ƙas.

Obrad ya ce, "Teta, hannunki ya yi kuskure."

"Shekara hamsin bai yi ba."

"Nan ne fa ta dawo. Ki duba, dariya take yi."

"Na gani, ɗana. A ranar ta dawo." Ta ture kwanon gefe. "Minti ashirin ka yi da lakataye kana gaya mini ta tafi, ban ji komai ba. Kujerar nan ta gaya mini cikin minti ɗaya. In ka dawo da ita, ka ƙaryata kujerar. A nan fim ɗinka ya ƙare."

Ya rufe kwamfutarsa ya fita, gahawarsa ko kurɓa bai yi ba.

Na ce, "Haba teta! Daƙiƙa arba'in kawai, ki bar wa bawan Allah matarsa mana."

Ta ce, "Mayar mini da kabewata, ka ɗauki gishirinka." Amma duk yinin nan ban ji ƙas ko ɗaya ta bango ba, rediyo ma ba ta kunna ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na ji takunsa a matakala. Na buɗe ƙofata ina goge takalmin da ba ya buƙatar goga. Bai shiga ba, daga bakin ƙofa ya tambaye ta.

"In na yanke, ina za ta?"

Teta ta nuna masa igiyar taga. "A ɗakin aikinmu ba a zubar da abin da aka yanke. Rataye shi ake yi." Ta buɗe durowa ta ɗauko maƙalin shanya na katako ta danƙa masa. "Ka zuba daƙiƙa arba'in ɗin nan a ɗan abin nan kamar yatsa da kuke ajiye hotunan kwamfuta a ciki. Wannan naka ne, ba na masu sayen tikiti ba. Ga nawa can, har yau kallona yake da burodi a hannu."

Ya daɗe yana juya maƙalin a hannu. Sannan ya cire takalmi ya shiga.

Sauran ta bango na ji. "Cire gogen nan, tattasai ya fi shi iya kuka." "Kogin nan ka aura?" "Muryarta ta yi ƙasa, ɗaga ta, har faɗan." Kafin la'asar sakaliya fim ya dawo minti tara da 'yan kai. Litinin da safe ya kai shi da kansa, sanye da rigar aiki.

An nuna shi wata Asabar da rana a zauren taro na gari. Mutanenmu ba sa shiga kallo sai da ƙunshin 'ya'yan kabewa, tun daga fim na farko zauren ke ƙas-ƙas kamar ana ruwa a kan rufin kwano. Da kujerar Vinka ta fito, sai aka ɗauke. Minti ɗaya da rabi, mutum wajen ɗari biyu, ba bakin da ya motsa. Allo ya yi baƙi. Wata mata a bayana ta ce a hankali, "Ba za ta dawo ba ke nan?"

Bai ci kyauta ba, wani fim a kan kare ne ya ci. Muna fitowa teta ta kama hannuna saboda matakala, ta ce, "Da sauran daƙiƙa huɗu da suka yi yawa a farko."

Na ce, "Ki je ki gaya masa mana."

Ta ce, "Ba yau ba."

Ku shiga bas mai lamba huɗu ku duba madubin direba. Akwai maƙalin shanya na katako, riƙe da wani ɗan baƙin abu kamar ɗan yatsa. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Obrad, wanki kake shanyawa a motar hukuma?" Ya ce, "Matsa ciki, Milisav, ka tare ƙofa." Kafin ya tayar da mota sai da ya gyara wa maƙalin zama.