Ranar da Jirgin Maigidana Ya Tafi Allakaye

A shekarun casa'in muna zaune a gidajen ma'aikata da ke bayan wani asibitin mishan, a ƙasar Madawa. Maigidana a labo yake aiki, yana duba jini da majina, ni kuwa ina ɗinki a gida. Mutum ne mai tsabta da tsari, ba ya shan giya, ba ya duka. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce na ɓata shi.

Ina da ciki wata bakwai wani likita Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani kwali. A bayan kwalin akwai hoton jirgin sama na yaƙi, ruwan toka, yana tashi daga bisa wani ƙaton jirgin ruwa. A ciki kuwa babu jirgi, sai gutsattsarin roba birjik, manne da juna a jikin wasu sanduna, kowane da lambarsa, da takarda mai zane da ke nuna wanda ke shiga wane. Akwai ƴan kwalaben fenti, da kol na mannawa mai warin da ke tayar mini da zuciya.

Daga ranar maigidana ya samu abin yi. In ya taso daga aiki da la'asar sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kusurwar ɗaki, ya zauna ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Da reza yake yanko kowane guntu, ya kankare bakinsa, ya gwada shi sau uku kafin ya ɗiga kol da tsinken ashana. Ya bayyana mini cewa fukafukan irin wannan jirgi naɗewa suke don a samu wurin ajiya a cikin jirgin ruwa, kuma akwai ƙugiya a ƙarƙashin wutsiyarsa da ke kama igiyar ƙarfe in zai sauka. Daga ni har shi ba wanda ya taɓa ganin teku. Na yi dariya, na ce Allah ya ba da sa'a. A lokacin abin bai dame ni ba.

Ni ƴar Allakaye ce. Iyayena Musulmi ne, manoma. Tun da na shiga addinin Kirista na kuma auri Kirista, Inna, mahaifiyata, ba ta taka ƙofata ba. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma daina aiko mini da wake da kuka ba, amma shekara shida ba ta zo ba. Da na haifi ɗiya mace, kwana uku da haihuwa, sai ga ta a bakin rumfa da ƙullin kayanta a ka, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Ta ce ta zo yi mini wankan jego, sai na yi arba'in za ta koma. Na yi kuka har ta ce in bari kada nono ya ɗauke.

Kwana tara muka yi cikin daɗi. Takan dafa ruwa da ganyen dogon yaro, ta gasa mini jiki, ta dama kunun kanwa. Tana sallarta a ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya ce mata komai. Maigidana yana durƙusawa ya gaishe ta safe da yamma, ba ya ko cin abinci a gabanta.

A rana ta goma sha biyu da haihuwa, da hantsi, barci ya kwashe ni da jaririya. Inna ba ta iya zama ba aiki. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗaki. Ta ga jarida a ƙasa da tarkacen roba a kanta. Babban jikin jirgin ta ɗaga shi da hannu biyu ta aza bisa tebur, sauran ƙanana kuwa ta ɗauka shara ce, ta haɗa da ƙura ta kai juji.

Da azahar muryarsa ce ta tashe ni. Na fito na iske shi tsaye a kanta, tana zaune tana tsince shinkafa.

"Wa ya ce a taɓa? Wa ya sa ki?"

"Ɗana, shara na yi."

"Shara! Nan ba bukkar ƙauye ba ce da za a share komai a zuba wa awaki. Mutanen daji, in ba ku san abu ba ku bar shi inda kuka gan shi!"

Tsintsiyar tana jingine kusa da ita. Ya fizge ta ya yi jifa da ita bayan katanga. Maƙwabciyarmu tana shanya, ta gani, ta ji.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Yi haƙuri. Ban san dukiya ce ba."

Ya koma wurin aiki ko ruwa bai sha ba. Ita kuma ta ɗauki rariyata ta nufi juji. Na bi ta ina roƙo, ta ce mai jego ba ta tsayuwa cikin rana, in koma. Daga bakin ƙofa na tsaya ina kallon uwata durƙushe a kan juji da tsakar rana, tana tankaɗe toka da ɓawon albasa. Har la'asar tana nan. Ta samo guda bakwai, har da tayar gaba, wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Ta wanke su, ta jera a murfin kwano, ta ajiye masa a tebur.

Washegari da safe ta ɗaure kayanta. Ta ce damina ta kusa, akwai sassabe. Maigidana ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce da ta ƙara kwana biyu. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta shiga motar ƴan kasuwa ta tafi. Maƙwabciya ce ta ƙarasa mini wanka.

Na jira ya ba da haƙuri, bai bayar ba. Da na tayar da maganar sai ya ce rai ne ya ɓaci, ai ta san halin yara, kuma ga shi ba abin da ya ɓata. Wannan kalmar ce na kasa mantawa. Wato tunda tayarsa ta dawo, ba abin da ya ɓata.

Na yi tunanin in taka jirgin da ƙafa. Na yi tunanin in jefa shi murhu. Sau biyu ina ɗaukar taɓarya ina ajiyewa. Abin da ya hana ni, a lokacin rabinsa kawai aka haɗa, ba fenti, ba fukafukai. In na fasa shi zai yi fushin kwana uku ya huce. Sai na ce wa raina in bari ya nuna tukuna.

Na shiga taya shi. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka na huce. Hannun mai ɗinki ya fi nasa natsuwa, don haka ni na shafa wa ɗan matuƙin fenti da bakin allura, hula fara, riga kore. Ni na gano cewa in aka yi fenti da rana yana bushewa a jikin buroshi ya bar zane, sai da sanyin safiya. Da ya zo manna gilashin kan matuƙi, na riƙe masa da hantsaki don kada kol ya dusashe shi. Akwai wasu tambura na takarda da ake jiƙawa a ruwa sai su sulluɓe, a zame su bisa jikin jirgin. Ya yaga biyu, sauran duka ni na ɗora, ina danne su da ƙyallen auduga. Ina yi ina shayar da jaririya. Duk lambar da na daidaita, ina cewa a zuci: ƙara kyau, ƙara kyau dai.

Ya ɗauke mu wata uku. Ranar da aka gama, gaskiya ya yi kyau. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, fukafukai a buɗe, ƴan makamai jere a ƙarƙashi. Ya aza shi bisa kabad, ya ja baya yana kallo, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce ranar Lahadi bayan sujada zai kira abokan aikinsa da dattawan ikilisiya biyu su zo su gani, in dafa shinkafa da kaji. Na ce to.

Akwai wata gwaggona, ƙanwar babana, da ta zo asibiti maganin ido, za ta koma Allakaye ranar Lahadin da sassafe. Na ce ta biyo ta gidana. Maigidana ya riga ya wuce majami'a, don shi ke shirya kujeru. Na sauko da jirgin, na naɗe shi da zanen goyo, na sa a kwando. Na ce, "Gwaggo, ki kai wa Inna. Ki ce ta ba yaran unguwa su yi wasa da shi, su ja shi da igiya cikin ƙasa." Na rufe inda yake da farin ƙyalle bisa kwalin da ya zo ciki, yadda daga ƙasa za a ga kamar yana nan. Sannan na yi wanka na tafi sujada, na yi waƙa da ƙarfi.

Baƙi suka zo, su takwas. Na ba su ruwa, na kawo abinci, na bari suka ci suka ƙoshi. Maigidana ya wanke hannu, ya miƙe, ya fara ba su labarin ƙugiyar wutsiya. Ya miƙa hannu ya yaye ƙyallen. Ya buɗe kwalin. Ya leƙa bayan kabad.

"Ina jirgina?"

Ina tsaye bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Na ce, "Ya tashi."

"Ya tashi ina?"

"Allakaye. Yana wurin matar da ta tankaɗe juji ta samo maka tayarsa."

Babban dattijon, wanda shi ya ɗaura mana aure, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗiyata, wace magana ce wannan?" Na faɗa masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba: tsintsiya, bukkar ƙauye, mutanen daji, rariya. Rabin waɗanda ke zaune iyayensu suna ƙauye. Na ga wani abokin aikinsa ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Maigidana kuwa fuskarsa ta yi toka. Wata uku ina jiran in ga wannan fuskar, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Dattijon ya dube shi. "Ɗana, haka aka yi?"

Ya ce haka aka yi.

"To ka san hanyar Allakaye."

Asabar ta gaba ya hau moto, wato babur, ya tafi. Hanyar duk duwatsu ce da hawa, ga ruwan farko ya fara cin ta. Abin da ya faru can gwaggona ce ta ba ni labari daga baya. Ya iske Inna tana surfe. Ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa a gaban matan gidan duka, ya ce ya yi laifi. Ta bar shi a durƙushe har ta gama turmin, sannan ta ce ya wuce, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Ta shiga ɗaki ta fito da kwandon. Ko kwance zanen ba ta yi ba. Ta hana kowane yaro kusantarsa, ta rataye shi can sama jikin azara, ta ce kayan mutane ne.

Da na ji haka haushi ya kama ni. Na so a ce ya iske shi ba fiffike, ba taya, yara suna jan sa cikin kashin awaki. Inna ta rage mini rabin abin da na shirya.

Ya dawo da la'asar, jikinsa duk jar ƙasa, kwando ɗaure a bayan moto tare da ɗan buhun wake da ta ba shi. Ya zauna bakin rumfa. Can ya ce, "Me ya hana ki fasa shi kawai tun ran nan?"

Na ce, "Da na fasa, da kai ne aka zalunta."

Mako biyu ba ya yi mini magana sai ta dole. Matan ikilisiya suka rabu biyu a kaina. Matar fasto ta zo har gida ta zauna kusa da keken ɗinkina tana tuna mini cewa ramuwa ba tawa ba ce, kuma mace ba ta tona mijinta gaban baƙi. Na saurare ta har ta gama, na ce na ji, na gode. Da ta tambaye ni ko na yi nadama, na ce a'a. Ta ce za ta sa ni a addu'a, na ce ina so.

Zamanmu ya koma daidai a hankali, muka ƙara haihuwa uku. Amma Inna ba ta sake kwana ƙarƙashin rufinmu ba. Bayan shekaru, da ƙafa ta matsa mata ta zo asibiti, sai ta sauka a rumfunan da ƴan jinya ke kwana, cikin baƙin mutane, ga gidana ana hango shi daga nan. Na roƙe ta, ta ce nan ya fi kusa da likita. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ni ke dafa abincin, amma ban taɓa kai mata da kaina ba. Kullum sai in zuba a kwano in rufe, in ajiye a gaban maigidana, shi ya ɗauka ya ratsa tsakar asibiti da shi, da rigar aikinsa, kowa yana gani.