Uwa Ba Ta Fara Gaisuwa

Sara na wanke-wanke a tsakar gidanta lokacin da muryar Nna Aishat ta tsallako katanga. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka a Tudun Wada, ba ta taɓa jin tsohuwar ta ɗaga murya haka ba.

"Ni zan fara gaishe ka? Ni da na goya ka?"

Ɗanta Sheshi, wanda ya iso daga Abuja da safe, yana ta lallashi ƙasa-ƙasa. Ya ce ba gaisuwa ba ce, filashin ne kawai. Ga waya ya kawo mai manyan lambobi, da igiyar ratayawa a wuya. In ta idar da sallar asuba ta danna lamba ɗaya, ta bari ta yi ƙara a wurinsa, ta kashe, shi ke nan ya san ta tashi lafiya. Lamba biyu kuma ta Sara ce. In Nna ta ƙi, to ba makawa zai zo da mota ya kwashe ta zuwa Abuja, don ba zai sake jin labarin ta zame a banɗaki ta kwanta har hantsi ba.

Nna Aishat mutuniyar Bida ce. Aikin jirgin ƙasa ya kawo mijinta, marigayi Malam Jiya, Minna, ita kuma kifi ya zaunar da ita. Takan sari kifi wajen masuntan madatsar ruwan Tagwai, ta yi banda a rabin duro a bayan ɗakinta, mata su zo har gida su saya. Da wannan hayaƙin aka yi wa Sheshi karatu. Yanzu gwiwa ta ƙi, ɗan acaba ke kawo mata kifin, amma wutar ita ke hurawa, ita ke juyawa. A gidan da ta tashi, yaro ke zuwa ƙofar babba da sassafe ya durƙusa. Babba ba ya aika wa yaro cewa ya kwana lafiya.

Sheshi yana son uwarsa, wannan ba shakka. Sai dai filashin ya fi masa sauƙi. Ƙara ɗaya, ya kalli waya, ya ci gaba da ɗaura agogo. Ba tambayar yaushe zai kawo jikoki, ba labarin wanda ya rasu a Bida bai je gaisuwa ba. Yana so ya san tana raye ba tare da ya saurare ta ba, ita kuwa ta gane hakan tun kafin ya rufe baki. Ita ma tana da nata ɓoyon: jirin da ke ɗibarta in ta miƙe daga gaban wuta, wanda ba ta faɗa wa kowa ba.

Ya koma Abuja. Gari ya waye, Nna ta yi sallarta, ta rataya waya a wuya, ba ta danna komai ba. Can sai wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ta yi shiru, har sai da Sheshi ya ce, "Nna, ina kwana?" Sannan ta amsa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Washegari ma haka. Ya ɗauka mantuwar tsufa ce, ya sa Sara ta sake koya mata. Sara ta dawo tana dariya, ta ce masa Nna ta fi ta iya wayar, har ɗan acabanta take kira ta yi masa faɗa in ya makara.

Ana cikin damina jirin ya kayar da ita kusa da duron banda, gefen zanenta na daf da garwashi. Ta lalubo wayar a ƙirjinta, ta tsallake lamba ɗaya, ta danna biyu. Sara ta shigo da gudu, hannunta duk kumfa, ta janye ta, ta kai ta asibiti a keke napep. Aka ce hawan jini ne, aka ba ta magani. Nna ta roƙe ta ta rufa mata asiri. Sara ta ce za ta iya yi mata komai ban da wannan.

Ran Asabar sai ga Sheshi da mota da babban akwati. Ya tarar da Nna tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da ƙyaure, warin hayaƙi na fitowa daga bayanta. Ya ce ta karya sharaɗi. Ta ce ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ya tambayi dalilin da ba shi ta kira ba ranar da ta faɗi. Ta ce da Abuja ta kira, da gawayi ya zo ya tarar.

Sheshi ya dubi wayar da ke wuyanta. Igiyar ta yi baƙi da maiƙon kifi, lamba biyu har ta soma gogewa, lamba ɗaya sabuwa fil. Ya mayar da akwatin cikin mota, ya dawo ya durƙusa a kan dakali kamar yadda yake yi yana yaro.

Nna ta matsa gefe don ya wuce.

"Wayarka tana wuyana, ba zan cire ba," in ji ta. "In na faɗi, Sara ce kusa. In kuma so kake ka san ko na tashi, ka san yadda ɗa yake yi."