Lemun da Yaya Ya Sare

Itacen lemun tsami goma sha ɗaya Baba ya bar mana a garkarmu ta Yekuwa, ni da yayana. Daminar da ciwon ya shigo, ganye ya yi ta fitar da tabo ruwan ƙasa mai kewayen rawaya, 'ya'yan suka yi kirci kamar masu ƙazuwa, suna zubewa tun ba su nuna ba.

Yaya ya hau moto ya sayo maganin ƙwari a kasuwar Magariya, ya fesa har sau uku. Ba abin da muka samu sai wari. Ni kuwa na ƙulle ganyen a bakin zane na kai wa wani malamin gona. Ya ce, "Wannan ba ƙwaro ba ne, ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ruwa da iska ke yaɗa ta. Ki sare rassan da suka kamu ki ƙone. Ki daka ganyen bedi, wato darbejiya, da tafarnuwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa. Tabo ba ya gogewa, amma wataƙila sabon toho ya tsira."

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi. "Miya za ki yi wa itace?"

Wata biyu ina daka, duk Laraba. Tafin hannuna ya yi kanta, 'ya'yana suna gudun warin jikina. Itace bakwai suka yi toho, kore shar, sai ɗan tabo nan da can. Na ja Yaya ya gani da idonsa, ya ce, "To, Allah ya sa."

Sai aka yi haihuwa a Dogo-Dogo, na tafi suna na kwana huɗu. Na dawo na tarar da kututture goma sha ɗaya, an ja kunyar rake a tsakaninsu.

"Yaya, wa ya ba ka izini?"

"Ai matattu ne. Rake ya fi riba."

"Bakwai na da rai! Ka gan su!"

"Ke, rage murya, mutane na ji."

Ban rage ba. Na faɗa masa abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta, kuma har gobe ban janye ba. Kawunmu ya zo ya raba garkar da igiya, ya ce in yi haƙuri, jini ya fi itace. Yaya kuwa ba wanda ya ce masa ya ba ni haƙurin.

A ɓangarena na sake dasa lemu huɗu. Muna gaisawa da Yaya, amma raken nan ban taɓa sa shi a baki ba.